Shekarar da Awarar Talatu Ta Ƙi Haɗewa

Duk wanda ya zauna a sabuwar unguwar nan ta bayan Daura, ta hanyar da ke fita Mai'aduwa, ya san ƙamshin da ke tashi daga gidan Malam Lawal da zarar an idar da la'asar. Awarar Inna Talatu ke nan ta shiga mai. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, idan tana dariya har ƙafafunta sai sun taya ta. Matan da suka taɓa yi mata kitso sun san akwai wani fili a tsakiyar kanta, faɗin tafin hannu, wanda gashi ya daina fitowa. Gammo ne ya cinye wurin tun tana yarinya.

A Sandamu aka haife ta, gidan manoma gero. Rijiyar unguwarsu zurfi gare ta, sai ka saki guga ka yi ta sauraro kafin ka ji ya taɓa ruwa. Ita da ƙanwarta Ummukulsum suka tashi suna jan igiyar nan, tafin hannunsu ya yi kanta tun ba su san kwalliya ba. Da ta auri Lawal, mai sayen awaki a ƙauyuka yana kai wa kasuwa, suka kama haya a cikin garin Daura, sai ta ce to, ta rabu da wahalar ruwa. Ina! Wahalar kama kawai ta sake. Yanzu jiran 'yan garuwa ne, a leƙa ƙofa, a dawo, a sake leƙawa, tukunya tana kan murhu babu abin zubawa. Shi ya sa addu'arta ba ta da yawa. Makka tana gaba, wannan ba a magana. Amma daga Makka sai famfo.

"Allah ka nuna min ranar da zan murɗa ƙarfe a tsakar gidana, ruwa ya zubo," in ji ta, kullum.

A gidan hayar nan ta koyi awara, lokacin da waken suya ya fara cika kasuwa. Aikin ba wani ɓoyayye ba ne. A jiƙa wake, a kai markaɗe, a tace a ƙyalle, a ɗora madarar a wuta. Idan ta tafasa a zuba ruwan tsami, sai ka ga ta haɗe ta taso sama curi-curi. A kwashe, a sa albasa da attaruhu, a ɗaure, a danne da dutse, a yanka, a soya. Kowa ma haka yake yi. Amma ta Talatu daban ce: bayanta ƙamas, cikinta laushi, ba ta shan mai. Direbobin Kongolam, garin nan na kan iyaka, sukan karkato da mota su tsaya saboda ita. Da awarar nan ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da ita aka ɗora kwanon gidan da suka gina a sabuwar unguwa. A garin nan akwai Talatu da yawa, amma idan aka ce Talatu mai awara, ita kaɗai ce.

Katanga ɗaya ta raba su da gidan Ego, wadda ake kira Maman Ada, matar Raphael mai sayar da kayan gyaran babur. Tun tana amarya aka kawo ta Daura daga kudu, Hausa ta zauna a bakinta daram, har gatse ta iya. Kullum da yamma sai ta shigo da kwanonta, ta kifa turmi ta zauna.

"Inna, yau ma rowar yajin za ki yi min?"

"Maman Ada, ke da yaji kamar kin haɗa dangi da barkono. Miƙo kwanon."

Da farkon wata damina mutanen unguwa suka haɗa kai aka haƙa rijiyar burtsatse, aka ɗora tanki a kan dogayen ƙarafa, aka sa masa sola. Hafizu ɗan Talatu, mai harkar kaya a Kongolam, shi ya ja musu bututu har tsakar gida, dab da murhunta. Ranar da aka sako ruwan, Talatu ta murɗa ƙarfen nan. Ruwa ya zubo garai-garai, kana hango gindin bokiti. Ta durƙusa a wurin ta fashe da kuka kamar yarinya. Ta wanke fuska, ta wanke ƙafa, ta sa Malam ya yanka zakara. Ta ciko kofi ta miƙa wa Ego.

"Sha, Maman Ada! Sha ruwan gidana!"

Ego ta kurɓa, ta ɗan riƙe a baki, ta haɗiye. Ta dubi fuskar Talatu sharkaf da hawaye, ta ce, "Allah ya sanya alheri, Inna." Ta ajiye kofin.

Ita ma Talatu ta ji ruwan da ɗan nauyi a harshe. Amma wadda ba ta taɓa mallakar famfo ba, ina za ta san yadda ya kamata ya ɗanɗana? Ta ce ɗanɗanon bututu ne, na 'yan birni.

Duk daminar nan awara lafiya lau. Akwai duro biyu a ƙarƙashin indararo, kuma Talatu ba ta iya ganin ruwan sama yana zuba a banza, da shi take jiƙa wakenta. Famfo na sha ne da wanka da wanki da wanke-wanke. To a nan ne ƙananan abubuwa suka fara. Sabulu ya daina kumfa. Ta goga, ta goga, sai wani abu mai danƙo ya taso saman ruwa. Ta ce sabulun zamani duk jabu ne, ta sake wani, shi ma jabu. Farar rigar Malam ta Juma'a ta koma ruwan toka, ta sandare a kan igiya kamar busasshiyar fata. Jikinsu ya riƙa yin furu-furu bayan wanka. Malam yana ƙorafin butar shayinsa ta zama malalaciya, sai ta cinye gawayi kafin ta tafasa. Kowanne da dalilin da Talatu ta ba shi, kuma babu ko ɗaya da ya shafi famfonta.

Ruwan sama ya ɗauke, aka yanke gero, duro suka ƙafe. Ta tara bokiti a famfo ta jiƙa wake, hankali kwance.

Washegari ta ɗora madara a wuta, ta juya ta ɗauko ruwan tsami. Tana waiwayowa ta tsaya cak. Madarar ba ta ma tafasa ba, amma ta tsinke. Wani ɓarɓashi kamar tsakin masara yana yawo a cikin ruwa tsararo, alhali ko ɗigon tsami ba ta zuba ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Me zan gani?"

Ta zuba tsamin duk da haka. Abin da ta kwashe bai kai rabin na kullum ba. Da ta danne ta yanka, ya fito da tauri da gari-gari, yana shiga mai ya wargaje. Ta ce waken ne tsoho, ta sake mai wake. Ta sake injin markaɗe. Ta sayi sabon ƙyalle, ta aro ruwan tsami daga wata unguwa. Kowace safiya sai ta tsaya a kan tukunya tana kallo, kowace safiya madarar nan ta tsinke a gaban idonta.

Wani direba da ya daɗe yana saye ya gutsira a ƙofar gida, ya tauna, ya dubi abin da ke hannunsa.

"Inna, yau tsakuwa aka soya mana?"

Da wasa ya faɗa. Talatu ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado, ta buɗe tafin hannunta tana duba su kamar na wata. Shekara da shekaru hannun nan bai taɓa ba ta kunya ba. Idan wake lafiya, tsami lafiya, wuta lafiya, to me ya saura? Baki ne. Wani ya yaba bai ce masha Allah ba, ko kuwa wani ya yi da gangan, an ɗauke mata hannu.

Ta sa aka ce ba ta da lafiya, ta daina fitar da awara. Ta sa sakata a ƙofar da ba a taɓa rufewa da rana ba. A ciki kuwa gwaji take ta yi a ɓoye. Ta turara gidan, ta ajiye gawayi da busasshen barkono a gefen murhu, ta karɓo rubutu ta wanke hannu da shi, ta yayyafa a tukunya. Sannan ta tari ruwa a famfo ta sake jiƙa wake. Ego ta ƙwanƙwasa ta gaji, aka ce Inna tana barci. Ta miƙo farfesun kaza ta kan katanga. Talatu ta karɓa ta yi godiya, ta rame, idanunta suka faɗa.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a Sandamu, jikar Ummukulsum. Talatu ta je tun ana saura kwana biyu suna. Ko mayafi ba ta cire ba ƙanwarta ta nuna mata buhu a jingine.

"Yaya, ga wake can. Na gaya wa kowa awarar suna a hannunki take."

Talatu ta dubi buhun. A Daura ta iya ɓuya a bayan ƙofa, amma a nan dangi ne cike da tsakar gida, har da waɗanda suka zo daga Baure, kowa na jira. Ta ce kanta ke ciwo, aka ba ta magani. Ta ce waken kamar bai yi kyau ba, aka ce na bana ne. Ba hanya. 'Yan mata suka janyo ruwa daga tsohuwar rijiyar nan, ruwa mai ɗan duhu, har da ɗan yashi a gindin tulu. Aka jiƙa, aka markaɗo, aka tace. Ta ɗora tukunya tana karanta duk abin da ta haddace.

Madara ta yi zafi. Ba ta tsinke ba. Ta tafasa, ta yi kumfa, fara tas. Talatu ta zuba tsami, sai ga awara ta haɗe ta taso, manyan curi, kamar ba a taɓa yin komai ba. Ludayi ya suɓuce daga hannunta.

"Yaya, lafiya? Kin ga maciji ne?"

Ta ja Ummukulsum bayan rumbu ta zayyane mata komai. Ummukulsum ta dafe ƙirji.

"To ai magana ta fito. Hannunki lafiya yake. Gidanki ne ba lafiya. Yaya, an binne miki abu!"

"A ina?"

"Inda kike aiki mana. Wa yake shigo miki har gindin murhu?"

Talatu ta kawar da kai. Mutum ɗaya ce take zama a wurin kullum. Sai kuma wani abu ya faɗo mata wanda ba ta taɓa kawowa a rai ba: tun ranar da aka kawo famfo, Ego ba ta sake shan ruwa a gidanta ba. Ko yaji ya ƙware ta, sai ta ce bari ta je gida ta sha. Talatu ta girgiza kai. Ba ta son tunanin, amma ya ƙi tafiya.

Da ta koma Daura, da safe bayan an karya, ta ɗauko fartanya da diga ta ajiye a gaban Malam.

"Malam, gindin murhun nan za ka tone min."

Da ya ji dalili, ya ajiye kofin shayinsa. "Haba Talatu. Da girmanmu? Ni ban yarda da irin wannan ba. Matar nan ita ta kwana da ke a asibiti lokacin da kika yi zazzaɓi."

"Ban kira sunan kowa ba."

"Fuskarki ta kira."

"Malam, ko ka tona, ko in tona da kaina maƙwabta su ji."

Ya dube ta, ya ga yadda zane ya yi mata yawa, ya naɗe hannun riga. Ya tone gaban murhu, ba komai sai toka da tsohon ƙashi. Ya tone bayansa. Ta ce ya matsa wajen famfo, nan ne turmin yake. Ya ɗaga diga ya sauke, sai ji suka yi ƙwas! Ruwa ya yi tsiri sama, ya jiƙe shi tun daga hula har takalmi. Ya fasa bututu.

Kafin ya ruga waje ya rufe ruwan, tsakar gida ta zama tafki, har ya bi ta ƙarƙashin katanga. Talatu ta tsuguna a bakin ramin ta ɗauko guntun bututun da ya ɓalle. Ta leƙa cikinsa, ta ƙwala salati. Wani farin abu ne ya manne a ciki ya zagaye, kamar ɓawon ƙwai. Ta kankara da farce, ya ɓare.

"Malam! Ga shi nan! A cikin bututun aka sa! La'ilaha illallahu, har cikin ruwan da muke sha!"

Daidai nan Ego ta turo ƙofar da Malam ya bari a buɗe, zanenta a tattare, ƙafafu duk laka.

"Inna, ruwanku ya shigo min har kicin! Me ya faru? Rijiya kuke haƙawa?" Ta dubi ramuka, ta dubi gawayi da barkono, ta dubi ramin da ke daidai inda take kifa turmi. Sannan ta dubi Talatu, wadda ta ɓoye guntun bututu a bayanta. Murmushi ya bar fuskar Ego. Ta daɗe a ƙasar nan, ta san abin da ake nema idan aka tone tsakar gida.

"Inna. Ni?"

Talatu ta fito da hannunta daga baya. Ta miƙo bututun. "Mene ne wannan? Kuma me ya sa ba kya shan ruwan gidana?"

Ego ta karɓa ta duba. Ta yi wata dariya da ba daɗi a cikinta.

"Baba, don Allah miƙo min butar shayinka."

Ta zubar da sauran ruwan, ta kifa butar a kan faranti, ta bubbuga gindinta da ludayi. Fararen ɓawo suka zubo, wasu faɗinsu ya kai farce, suna ƙara kamar fasasshen tangaran. Malam ya ja da baya ya dafe ciki.

"Subhanallahi! Wannan daga butata? Dutse nake sha duk watannin nan?"

"Ni na shiga na sa a nan ma?" in ji Ego. "Ku je masallacin unguwa ku duba bakin famfo, fari fat. Ku shiga kowane gida. Ruwan zartsi ne, Inna. Daga ƙasa yake fitowa da abinsa, ido ba ya gani sai ya bushe ko an tafasa. A garinmu akwai wata rijiya irinsa, wake ba ya dahuwa da ita, sabulu ba ya kumfa. Ina kurɓa na gane. Ni wanki kawai nake yi da shi, shi ma don dole. Sha da girki, ruwan saman da na tara a tanki."

"Kin sani? Tun ranar farko kin sani, ba ki faɗa min ba?"

"In ce miki me? Kina durƙushe kina kuka, an yanka zakara, kin miƙo min kofi kamar ruwan Zamzam. In ce Inna, abin da kika roƙa tun kina yarinya ba shi da kyau? Na ce a raina ba ya kisa, bari ta ji daɗinta."

"Awarata fa? Sunana fa, Maman Ada? Ya kusa ɓacewa a garin nan!"

"Wace awara? Wa ya gaya min ta lalace? An ce ba ki da lafiya, an rufe min ƙofa. Kazata guda na yanka miki!"

Talatu ta zauna daɓas a kan laka. Ta juya ta dubi famfon nan, yana tsaye yana sheƙi, bakinsa da farin zobe da take gogewa kullum tana cewa kumfar sabulu ce. Duk turaren nan, duk rubutun nan, duk ramar nan, kuma kowace safiya ita da hannunta take murɗo abin ta zuba a kan wakenta.

"Ruwa," ta ce. "Ruwa garai-garai haka."

Amma Talatu ba ta yarda da magana sai ta gani a tukunya. Ta raba wake gida biyu. Ego ta riƙa miƙo bokitin ruwan tankinta ta kan katanga. Rabi aka jiƙa da shi, rabi da ragowar na famfo da ke randa. Da hantsin washegari aka ɗora tukwane biyu gefe da gefe, su uku suka tsaya a kai. Ta famfo ta tsinke tun kafin ta yi tururi sosai. Ɗayar ta tafasa fara sol, ta jira tsami, ta haɗe ta taso.

Talatu ta sa ludayi ta ɗago curi guda, yana rawa, yana tururi. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kamo hannun Ego da hannunta mai danshi ta riƙe gam.

"Maman Ada, ki yafe min."

"Sai na yi shawara. Ki soya tukuna."

Tun daga shekarar nan gidan ya sake tsari. Hafizu ya zagaye rufin da indararo ya kawo babban tanki, idan ya ƙare kuma 'yan garuwa su kawo daga cikin gari. Famfo yana nan an gyara shi, awakin Malam ke sha, da shi ake wanke bayi. Direbobi sun dawo. Amma ranar nan ta tukwane biyu, da la'asar ta yi, mai ya yi zafi, ƙamshi ya haura katanga, aka fara jin sallama a waje, sai Talatu ta waiwaya ta ga tsakar gidanta duk ramuka.

"Malam, yi sauri ka cike ramukan nan kafin mata su shigo. Kar a tambaye mu abin da muke nema."

Ego tana hura awarar farko a tafin hannunta, ta ce, "Bar su, Baba, kar ka wahalar da bayanka. Ni zan gaya musu."